Tuta 24 a Rufin Bell Centre: Yadda Montreal Canadiens Ta Mallaki Wasan Hoki, da Yadda Kofi Ya Ƙaurace Mata

Wanda ya shiga filin wasa na Bell Centre a birnin Montreal na ƙasar Kanada, in ya ɗaga kai sama, tutoci zai gani rataye a rufi, kowace da shekararta a rubuce. Guda 24 daga cikinsu na kofin Stanley ne, kofin da ya fi kowane daraja a wasan hokin ƙanƙara. Ta farko tana ɗauke da 1916, ta ƙarshe 1993. Ƙungiyar Toronto da ke biye tana da 13, Detroit tana da 11, wato sai an haɗa na biyu da na uku sannan su kamo Montreal Canadiens ita kaɗai. Amma yaron da aka haifa a shekarar da aka rataya tutar ƙarshe yanzu ya haura talatin, watakila ma yana da nasa 'ya'yan, bai taɓa ganin ƙungiyar garinsu ta ɗaga kofi ba. Tambayar ke nan: me ya tara wa ƙungiya ɗaya wannan dukiya, me kuma ya toshe ƙofar da take shigowa?

Kafin a shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya ga wasan a idonsa. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katako da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida. Takalmansu suna da ƙarfe mai kaifi a ƙasa kamar bakin wuƙa, a kansa suke sulɓi, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa a ƙarshe. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle. Ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Gudun yana cin rai ƙwarai, shi ya sa ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Wanda ya yi laifi ba kati ake ba shi ba, ana kai shi wani ɗan keji ne ya zauna, galibi minti biyu, abokansa su ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. A riƙe wannan, zai sake dawowa a gaba.

Wasan kansa a Montreal aka yanke masa cibiya. A nan aka yi wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili ranar 3 ga Maris, 1875, kuma wata ƙungiyar Montreal, ba Canadiens ba, ita ce ta fara karɓar kofin da gwamna-janar Lord Stanley ya bayar, a 1893. Sai dai a wancan zamani wasa ne na masu jin Ingilishi, 'ya'yan masu hali da ɗaliban jami'a. Masu jin Faransanci, waɗanda su ne mafi yawa a lardin Quebec inda Montreal take, su ne leburorin masana'antu da manoma, bankuna da manyan kamfanoni kuwa suna hannun 'yan tsiraru masu Ingilishi.

Abin dariyar shi ne, ƙungiyar da ta zama tutar masu Faransanci ba su suka kafa ta ba. Ambrose O'Brien, ɗan wani attajirin ma'adinai daga lardin Ontario, shi ya kafa ta ranar 4 ga Disamba, 1909, kuma lissafin kasuwa ya yi. Yana haɗa sabuwar gasa, ya ga cewa in aka samu ƙungiya ta masu Faransanci zalla da za ta riƙa karawa da ta masu Ingilishi a gari ɗaya, tikiti zai sayu. Aka sa mata suna Canadiens, sunan da masu Faransanci ke kiran kansu da shi tun kafin ya zama sunan duk ɗan ƙasar. Kakar farko a ƙarshen tebur ta ƙare, wasa biyu kacal ta ci cikin sha biyu. Shekara na zagayowa ta koma hannun George Kennedy, mai shirya wasannin kokawa, kuma a hannunsa ta ci kofin farko a 1916. Da aka kafa gasar NHL a 1917, a wani otal a Montreal ɗin, tana cikin waɗanda suka aza tubali. Ta girmi gasar da take bugawa a cikinta.

Shekarun farko cike suke da makoki. A 1919 ana tsakiyar wasan ƙarshe da Seattle annobar murar nan da ta game duniya ta kwantar da yawancin 'yan wasan Montreal, aka soke gasar, ɗan bayansu Joe Hall ya mutu a asibiti, shi ma Kennedy bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 1921. Mai tsaron gidansu Georges Vézina ya yi wasa sama da 300 a jere bai taɓa fashi ba, sai a Nuwamba 1925 ya faɗi a bakin raga, ashe tarin fuka ya riga ya cinye shi. Bayan wata huɗu ya mutu, kuma har yau da sunansa ake ba da kyautar gwarzon mai tsaron gida. Howie Morenz, tauraron da ya kawo kofunan 1924, 1930 da 1931, ya karye a ƙafa a wasa da Chicago a Janairun 1937, ya mutu a asibiti cikin Maris. A tsakiyar Forum, filin wasansu na lokacin, aka ajiye gawarsa, dubban mutane suka yi layi suna wucewa. Ga kuma karayar tattalin arzikin shekarun 1930, wadda ta kashe ɗaya ƙungiyar garin, Maroons, a 1938. Kofi huɗu a shekara talatin da wani abu ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne mulki ba. Da tarihi ya tsaya nan, da babu wanda zai yi dogon zance a kanta.

Abu biyu suka sauya al'amarin, mutum ɗaya da tsari ɗaya. An fi son labarin mutumin, don haka da shi za a fara.

Maurice Richard ɗan unguwar talakawa ne a Montreal, ya koyi aikin injin kafin hoki ya ɗauke shi. A kakar 1944-45 ya ci ƙwallo 50 a wasa 50, abin da ba a taɓa yi ba, kuma shi ne farkon wanda ya kai ƙwallo 500, ya yi ritaya da 544. Ana kiransa Roket saboda yadda yake tunkarar raga. Ba mai yawan magana ba ne, amma zuciya gare shi a kusa, abokan hamayya kuma sun san haka, suna ta tsokanarsa da duka da zagin ƙabilanci. Ya taɓa rubutawa a jarida cewa shugaban gasar, Clarence Campbell, yana nuna wa masu Faransanci bambanci, aka tilasta masa janyewa.

Ranar 13 ga Maris, 1955, a Boston, wani ɗan wasa mai suna Hal Laycoe ya fasa masa kai da sanda. Richard ya rama da tasa sandar, da mataimakin alƙalin wasa ya riƙe shi, ya kai masa naushi. Campbell ya dakatar da shi daga sauran wasannin kaka da duk wasannin neman kofi. Laifi dai an yi shi, dukan alƙali ba ƙaramin abu ba ne ko a yau. Amma a unguwannin gabashin Montreal ba haka aka karanta ba. Abin da suka gani shi ne Bature mai Ingilishi, a ofishinsa, ya sake taka nasu, kamar yadda kwamandan leburori ke taka su kullum a masana'anta. Ranar 17 ga wata Campbell ya zo kallon wasa da Detroit a Forum duk da an gargaɗe shi. Aka yi ta jifansa da tumatir da ƙwai, wani ya mare shi, sannan aka fasa gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye. Aka kwashe mutane, aka ba Detroit wasan, taron ya fantsama titin Sainte-Catherine yana fasa gilasai da shaguna har tsakar dare. Washegari Richard ya shiga rediyo ya roƙi jama'a su yi haƙuri, ya ce ya karɓi hukuncin. Dakatarwar ta sa abokin wasansa Bernie Geoffrion ya wuce shi da maki ɗaya a teburin masu maki (ƙwallayen da mutum ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), kambun da Richard bai taɓa samu ba har ya bar wasa, Detroit kuma ta doke Montreal ta cinye kofin a wasa na bakwai, na ƙarshe a karawar.

Marubutan Quebec da yawa suna ƙirga wannan dare cikin abubuwan da suka share fagen sauyin da aka yi wa laƙabi da juyin juya halin ruwan sanyi, wanda ya kankama daga 1960, lokacin da masu Faransanci suka fara karɓe tattalin arziki da makarantu da wutar lantarkin lardinsu, har aka kai ga dokar 1977 da ta ɗora Faransanci a kan wuraren aiki da allunan shaguna. Ni ina ganin an ɗan zuzuta. Fasa shago ba ya kafa gwamnati, kuma Richard kansa ya sha cewa shi ɗan wasa ne kawai. Abin da ba a musu shi ne daga wannan dare jar rigar nan mai harafin C da H ta daina zama rigar wasa kurum. Har laƙabin "tsattsarkan ƙyalle" suke yi mata. Harafin H ɗin, a gefe guda, na kalmar hoki ne, ko da yake mutane da yawa suna zaton na Habs ne, laƙabin da ake yi wa ƙungiyar.

Yanzu ga tsarin, wanda a ganina shi ne ainihin gishirin miyar. A 1946 Frank Selke ya bar Toronto bayan ya saɓa da maigidansa, ya karɓi ragamar Montreal. A lokacin babu zaɓen sabbin 'yan wasa kamar na yau. Ƙungiya tana ɗaukar nauyin ƙananan ƙungiyoyin matasa, ta saya musu kaya, ta biya musu fili, duk yaron da ya taso a cikinsu kuwa nata ne. Selke ya zuba kuɗi ya shimfiɗa irin waɗannan ƙungiyoyi daga Quebec har yammacin Kanada, ya zamana yana da ɗaruruwan yara a rumbu. Ga kuma doka da ta ba kowace ƙungiya ikon yaran da ke cikin mil 50 daga filinta. Mil 50 daga Montreal ko Toronto gonar 'yan hoki ce. Mil 50 daga New York ko Boston kusan fayau. Kuma duk yaro mai Faransanci da ya iya riƙe sanda, burinsa ɗaya ne, ba sai an lallashe shi ba.

Sannan gasar gaba ɗaya ƙungiya shida ce daga 1942 zuwa 1967. Huɗu daga ciki suna shiga zagayen neman kofi, zagaye biyu kawai, nasara takwas ta isa. A waɗannan kakanni 25, Montreal ta ci 10, Toronto 9, Detroit 5, Chicago ɗaya, Boston da New York ko ƙyalli. Wanda ya dubi wannan rabo ya san ba baiwa kaɗai ke aiki ba.

Ko da hakan, abin da aka gina ya wuce misali. Jean Béliveau ya shigo a 1953 bayan an daɗe ana zawarcinsa daga birnin Quebec, inda ake biyansa da kyau har ba ya gaggawar tahowa. Ranar 5 ga Nuwamba, 1955, a wasa da Boston, ya ci ƙwallo uku cikin daƙiƙa 44 yayin da abokan hamayya ke da giɓi. A wancan lokaci mai laifi sai ya cika minti biyunsa a keji ko ƙwallo nawa aka zura. Sauran ƙungiyoyi suka ga Montreal tana kashe wasa a cikin minti biyun nan, suka haɗa kai a 1956 aka sauya doka, cewa da zarar an ci ƙwallo ɗaya mai laifi ya dawo fili. Dokar tana nan har gobe. Ba ta hana komai ba: a ƙarƙashin koci Toe Blake suka ci kofi biyar a jere, 1956 zuwa 1960, tarihin da ba a sake kafawa ba.

Cikin wannan zubi akwai mai tsaron gida Jacques Plante. A lokacin masu tsaron gida da fuska a buɗe suke tsayawa gaban faifan da ke tahowa kamar harsashi, kuma rufe fuska alamar tsoro ce. Ranar 1 ga Nuwamba, 1959, a New York, bugun Andy Bathgate ya tsaga masa fuska. Aka kai shi ciki aka ɗinke, ya ce wa Blake ba zai koma ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa a atisaye. Blake ba ya so, amma babu wani mai tsaron gida a benci, dole ya yarda. Suka ci wasan, suka ci gaba da ci, maganar tsoro ta mutu. Yau ko yaro ɗan shekara shida ba a barinsa ya tsaya a raga babu shi. Béliveau ya gama da kofi 10 a matsayin ɗan wasa, ƙanin Maurice kuwa, Henri Richard, ya tara 11, ba wanda ya kai shi.

To, in ƙaramar gasa ce sirrin, ai ya kamata mulki ya ƙare a 1967 da aka ninka ƙungiyoyi zuwa sha biyu, ko a 1969 da aka rushe tsarin ɗaukar nauyin yara aka koma zaɓe na bai-ɗaya, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ke fara zaɓa. Sai ga shi daga 1968 zuwa 1979 Montreal ta ci kofi takwas cikin sha biyu. Nan ne masu cewa sa'ar zamani ce kawai suke rasa ta cewa, kuma nan ne sunan Sam Pollock ke shigowa.

Pollock, wanda ya gaji Selke a 1964, ya fahimci sabuwar dokar kafin kowa. Sabbin ƙungiyoyi suna cikin yunwar 'yan wasan da za su cika musu fili yau-yau, shi kuma rumbunsa cike yake da waɗanda ba ya buƙata. Sai ya riƙa ba su 'yan wasa yana karɓar damarsu ta zaɓen shekaru masu zuwa, kamar mai ba da hatsi da bazara ya karɓi gona da kaka. A 1970 ya karɓi damar zaɓen farko ta 1971 daga ƙungiyar Seals ta California, da fatan ita za ta zo ta ƙarshe. Da kaka ta yi nisa ya ga Los Angeles na neman ƙwace mata wannan matsayi na kurar baya, sai ya tura wa Los Angeles gogaggen ɗan wasansa Ralph Backstrom. Los Angeles ta farfaɗo, Seals ta zo ƙarshe, Montreal, wadda ita ce ma ta ci kofin shekarar, ta zauna a kujerar farko ta ɗauki Guy Lafleur. Ana yawan faɗin cewa wata doka ta musamman da ta ba Montreal damar fara ɗaukar yara biyu masu Faransanci ita ta yi mata komai. Dokar ta wanzu na ɗan lokaci, amma an soke ta kafin zuwan Lafleur, kuma manyan taurarin ba ta hanyarta suka zo ba.

Ƙungiyar da Scotty Bowman ya horar a shekarun 1970 ita ce da yawa ke cewa ba a taɓa haɗa irinta ba. Ken Dryden, ɗalibin lauya, wasa shida kacal ya buga a gasar kafin a miƙa masa raga a zagayen kofi na 1971, ya kuma fito gwarzon zagayen. A baya akwai Larry Robinson, Serge Savard da Guy Lapointe. Lafleur, gashi na tashi a iska don ba ya sa hular kwano, ya yi kaka shida a jere yana cin ƙwallo 50 da maki 100. A daren ƙarshe na 1975 suka karɓi baƙuncin ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyet, suka kai hari 38 baƙi suka kai 13, amma aka tashi 3-3 saboda mai tsaron gida Vladislav Tretiak. A 1976 suka share Philadelphia, ƙungiyar da ta ci kofi biyu da dambe da tsoratarwa, wasa huɗu babu ko ɗaya. A kakar 1976-77 kuwa, cikin wasa 80 sun ci 60, an ci su 8, canjaras 12, sau ɗaya tak aka doke su a gida. Makinsu 132 ya tsaya har 2023 kafin Boston ta wuce shi, ita ma da ƙarin wasanni da sabbin dokokin ƙarin lokaci.

A lura da sunayen nan: Selke, Blake, Pollock, Bowman, Dryden, Robinson, da Morenz tun da fari. Duk ba masu Faransanci ba ne na asali a yadda ake nufi a Quebec, wasunsu ma daga Ontario suka zo. Zuciyar ƙungiyar ta masu Faransanci ce, amma ko a zamanin da ta fi ƙarfi haɗin gambiza ce, tana ɗaukar gwani duk inda ta same shi.

Rushewar ta zo da sauri fiye da yadda aka lura a lokacin. Pollock ya tafi a 1978, ba a ba Bowman kujerarsa ba, shi ma ya yi fushi ya koma Buffalo a 1979, Dryden ya ajiye wasa a shekarar. A 1980, da ragowar dabarar Pollock ta sake ba su zaɓin farko, suka tsallake Denis Savard, yaron unguwa mai Faransanci da ya zama tauraro a Chicago, suka ɗauki wani da bai kai ba. Kofuna biyu da suka biyo baya, 1986 da 1993, ba na ƙungiya mai mulki ba ne, na mai tsaron gida ɗaya ne, Patrick Roy, wanda ya ci na farko yana ɗan shekara 20. A 1993 sun ci wasa goma a jere a ƙarin lokaci. A wasa na biyu na ƙarshe da Los Angeles ta tauraro Wayne Gretzky, ana binsu da ci ɗaya saura ƙasa da minti biyu, koci Jacques Demers ya nemi a auna lanƙwasar sandar Marty McSorley. Ta wuce ƙa'ida, aka kai shi keji, Eric Desjardins ya farke, ya kuma ci ta nasara. Los Angeles ba ta ƙara cin wasa ba a wannan karawa.

Ranar 2 ga Disamba, 1995, Detroit ta zo Forum. Sabon koci Mario Tremblay, wanda dama ba sa ga-maciji da Roy, ya bar shi a raga har aka zura masa tara, 'yan kallo suna yi masa tafin shaƙiyanci in ya tare mai sauƙi. Da aka fitar da shi, ya wuce kocin ya je wurin shugaban ƙungiya Ronald Corey da ke zaune bayan benci, ya gaya masa ya buga wasansa na ƙarshe a Montreal. Bayan kwana huɗu aka sayar da shi ga Colorado, ƙungiyar da watanni kaɗan kafin nan ita ce Nordiques ta birnin Quebec, babbar kishiyar Montreal. Wata shida bayan haka Roy ya ɗaga kofi a can. A cikin wannan kakar, ranar 11 ga Maris, 1996, aka rufe Forum. Da aka kira sunan Maurice Richard, dattijo ɗan shekara 74, jama'a suka miƙe suna tafi sama da minti goma, yana ɗaga hannu yana roƙon su bari, hawaye na zuba. Masu camfi suna cewa aljanun Forum ba su bi ƙungiyar zuwa sabon gida ba.

Ba sai an kira aljanu ba. Ƙungiyoyi yanzu 32 ne, kofi kuma sai an ci zagaye huɗu, nasara 16. Yaron Quebec mai baiwa yana tafiya inda zaɓe ya jefa shi: Mario Lemieux, ɗan Montreal, a Pittsburgh ya yi rayuwarsa. A ƙarshen shekarun 1990 dalar Kanada ta faɗi ƙasa da kashi biyu cikin uku na ta Amurka, ƙungiyoyin Kanada suna karɓar kuɗin tikiti da tasu suna biyan albashi da ta maƙwabta. Har ta kai a 2001 Ba'amurke George Gillett ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar, shi ne dai wanda magoya bayan Liverpool ba su manta da shi ba, kafin iyalan Molson masu kamfanin giya su dawo da ita hannunsu a 2009. Daga 2005 kuma aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don haka cikar filin mutum dubu 21 a kowane wasa ba ta sayen ƙarin tauraro. Matsalar ba ta Montreal kaɗai ba ce: daga 1993 har zuwa kakar 2025 babu ƙungiyar Kanada ko ɗaya da ta ci kofin.

Abin da ya rage nata ita kaɗai shi ne nauyin zama tutar al'umma, kuma wannan nauyi yanzu ba ya zuwa da ladan da yake zuwa da shi a da. A 2007 an caccaki kyaftin Saku Koivu, ɗan Finland da ya yi jinyar kansa ya dawo fili, don ba ya jawabi da Faransanci. A Disamban 2011 aka naɗa Randy Cunneyworth kocin riƙo, ba ya jin Faransanci, aka yi zanga-zanga a ƙofar fili, 'yan siyasa suka sa baki, shugabanni suka ba da haƙuri. A aikace, Montreal tana zaɓen koci daga ƙaramin kwando yayin da sauran ke zaɓa daga kasuwa gaba ɗaya. Masu cewa a watsar da wannan sharaɗi suna da hujja ta wasa. Amma ina ganin ba su auna abin da suke nema a zubar ba. Mutum miliyan bakwai ko takwas ne masu Faransanci a tsakiyar nahiyar da ɗaruruwan miliyoyi ke Ingilishi, kuma kocin Canadiens yana gaban kyamara kusan kullum, ya fi firimiyan lardin yawan fitowa a talabijin. Da aka rasa Béliveau a Disamban 2014, mutumin da ya ƙi karɓar muƙamin gwamna-janar na Kanada a 1994 saboda iyalinsa, an lulluɓe kujerarsa da lambarsa ta 4 aka bar ta babu kowa, kuma a wasan farko bayan rasuwarsa aka sanar da yawan 'yan kallo da ragin mutum ɗaya.

A 2021 mai tsaron gida Carey Price ya ja su har wasan ƙarshe ba zato, Tampa Bay ta doke su huɗu da ɗaya. Kaka mai zuwa suka zo na 32 cikin 32. A nan ne shugabanni suka yi abin da ƙungiyar ta daɗe tana jin kunyar yi, suka faɗa wa magoya baya a fili cewa rushewa za a yi a sake gini daga tushe, ta hanyar zaɓen nan da Pollock ya taɓa yi wa wayo. Suka ɗauko Martin St. Louis, ɗan Laval mai Faransanci, ya zama koci a Fabrairun 2022 alhali ƙungiyar yara kawai ya taɓa horarwa. Da zaɓin farko na shekarar suka ɗauki Juraj Slafkovský daga Slovakia, suka ba Nick Suzuki, ɗan Ontario, kyaftin yana da shekara 23. A 2025 suka koma zagayen neman kofi, Washington ta fitar da su a matakin farko, ɗan bayansu Lane Hutson, Ba'amurke, ya karɓi kyautar gwarzon sabon ɗan wasa. Babu ɗaya cikin waɗannan uku da aka haifa lokacin da aka rataya tutar 1993, kuma ranar da aka naɗa Suzuki, kafin a gama tambayarsa game da wasa, 'yan jarida da 'yan siyasar da ke yaƙin neman zaɓe a lardin sun riga sun fara tambayar yaushe zai koyi Faransanci.